Kwalaben Zoɓo a Rumfar Wanki

Shekarar da aka sake buɗe makarantu bayan kullen korona, a shekarar na fara zama a aji. Na haura arba'in a lokacin, furfura ta fara fito mini a gemu. Sana'ata wanki da guga. Rumfata tana Lugbe a Abuja, jingine da katangar wani rukunin gidaje ta baya, inda masu gidajen suka yarje mini in kafa ta, in riƙa shiga ina karɓar kaya ina ɗibar ruwa. Iyalina suna ƙauye can wajen Katsina, sai da sallah nake ganinsu, ko idan ruwa ya sauka na je taya shuka.

Abin da ya kai ni makaranta ba wani babban buri ba ne. Lokacin kulle mutane sun daina zuwa rumfa, sai dai su turo saƙo ta waya, ni kuma in ɗauki wayar in yi ta yawo ina neman mai karanta mini. Wani ya karanta, wani ya ce in dawo anjima. Na gaji da wannan yawon. Da na ji an buɗe ajin manya a wata firamare kusa da mu, bayan la'asar idan yara sun tashi, sai na je na ba da sunana.

Bencin na yara ne. Gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur, sai in zauna a karkace. Tun asuba nake tsaye, hannu cikin ruwan sabulu, daga nan in koma kan dutsen guga da zafin gawayi, saboda haka duk lokacin da na zauna a ajin nan barci kawai jikina yake nema. Yatsuna sun yi laushi saboda ruwa, fensir yana zame mini. Watannin farko haka na yi su. Ina zuwa, ina zana baƙaƙe, ina gyangyaɗi. Ban ji daɗin komai ba, amma ban fasa zuwa ba.

A zango na biyu aka kawo mana sabuwar malama, 'yar bautar ƙasa. Yarinya ce, ko autar gidanmu ta girme ta. Hausarta irin ta Abuja ce, namiji da mace duk ɗaya a bakinta, kuma Baba take kirana. Karatu da lissafi aka turo ta koya mana, amma abin da ta karanta a jami'a kemistiri ne, wato ilimin sinadarai. Ban taɓa jin kalmar ba sai a bakinta.

Wata rana ta shigo da gorar zoɓo, da kofunan gilashi, da lemun tsami, da ɗan ƙullin kanwa. Akwai wani mai shayi a ajinmu, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Malama, yau walima ce? Da kin faɗa ai da na zo da burodi."

Ta ce, "Zauna, oga mai shayi. Wannan ba na sha ba ne, ko sukari babu."

Wata dattijuwa mai sayar da masa ta ce, "Zoɓo ba sukari? To Allah ya ba mai sha haƙuri."

Malama ta zuba zoɓon a kofi biyu. Ta matsa lemun tsami a na farko, jan ya ƙara haske. Ta jiƙa kanwa ta tsiyaya ruwan a na biyu. Muna kallo jan ya tafi, ruwan ya yi duhu, ya koma kore-kore kamar ruwan kududdufi. Mai masa ta yi salati. Sai Malama ta ɗauki lemun ta matsa a cikin koren. Ya ɗan yi kumfa yana tsuwa, sannan a hankali jan ya dawo.

Ta ce, "Wa ya san me ya sa?"

Babu wanda ya sani. Sai ta bayyana mana cewa akwai abubuwa masu tsami, su ake kira asid, akwai kuma masu kashe tsami, irin kanwa da toka da sabulu. Zoɓo yana nuna ɓangaren da abu yake ta hanyar launinsa. Idan ɓangarorin biyu suka haɗu, kowanne yana karya ƙarfin ɗan'uwansa.

Tana magana sai na tuna da mahaifiyata a bakin murhu. Idan miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, sai ta gutsiro kanwa ta jefa, miyar ta ɗan taso ta lafa, tsamin ya tafi. Na ga wannan tun ina ƙarami, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗaga hannu, karo na farko tun shigata ajin, na faɗa.

Malama ta tafa hannu. Ta ce, "Baba, mamanka ya yi kemistiri ke nan!"

Mai shayi ya ce, "Ashe da ɗan farfesa muke zaune ba mu sani ba. A gafarce mu, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ranar ban yi gyangyaɗi ba.

Daga nan abin ya kama ni. Na sayi busasshen zoɓo a kasuwa, na riƙa jiƙawa a wani tsohon kwano. Na tattaro kwalabe daga bola, na maganin tari da na turare da na man gashi, na wanke su tas. Duk abin da ke rumfata sai da na gwada shi. Ruwan sabulu ya mai da zoɓon toka-toka. Ruwan tokar dutsen guga ya mai da shi kore sosai. Sitati bai yi masa komai ba, wannan ma ya ba ni mamaki. Da na ɗiga bilic, ruwan da nake faranta kaya da shi, launin gaba ɗaya ya ɓace, kamar ba a taɓa jiƙa komai a ruwan ba. Na kai wa Malama labari ina murna, sai ta ɗaure fuska.

Ta ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Bilic, kar ka haɗa shi da abu mai tsami, ko lemu ko wani abu. Iskan da zai fito zai iya kashe ka a cikin rumfan nan."

Shekara da shekaru ina aiki da bilic, ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Sai na ga cewa duk rayuwata ina tsaye a tsakiyar abubuwan da ban san halinsu ba. Karatun ma ya fara shiga, domin yanzu ina da abin da nake son karantawa. Nakan ɗauki robar sabulu in juya bayanta in yi ta haɗa baƙaƙe, ko da Turanci ne ban gane ba.

Wata rana bayan an tashi ta tsayar da ni. Ta ce a ƙarshen shekara za a yi jarrabawa, waɗanda suka ci za a wuce da su aji na gaba a wata sakandare da ke nan Lugbe, shi ma da yamma, kuma can akwai ɗakin gwaje-gwaje. Ta nuna mini hoton irinsa a wayarta. Dogayen tebura, famfo a jikin kowanne, kwalabe masu siririn wuya a jere a kan kanta, da ɗan murhu mai shuɗiyar wuta. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, sai wanda ya ci gaba da zuwa har ƙarshe ake saka sunansa a jarrabawar.

Na daɗe ina kallon hoton. Tun da na zo Abuja ban taɓa son wani abu don kaina ba, abin da zan aika gida kawai nake nema. Amma ɗakin nan na so shi. Na kuma san cewa shigata cikinsa ta rataya ne a kan zamana a Lugbe, zamana a Lugbe kuma ya rataya a kan katangar da rumfata take jingine da ita.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna a wajen aiki. Yawancin gidajen rukunin kowanne da bohol ɗinsa, kuma na lura ruwan wasu gidaje yana cin sabulu. Ka zuba ka ƙara, kumfa ba ta tashi. Ruwan wasu kuwa kaɗan ya isa. Na tambayi Malama, ta ce mai yiwuwa wani gishirin dutse ne ya narke a ruwan tun daga ƙasa, amma kada in yarda da maganarta, in gwada da kaina. In ɗebo ruwa daga kowane gida daidai wa daida, in sa sabulu daidai wa daida, in girgiza, in ga tsawon kumfar. Sannan in ɗiga zoɓo a wani kason in ga launi. Ta ce, "Ka rubuta a jikin kowane kwalba inda ka ɗebo, kar ka rikice."

Rubutun dogayen kalmomi yana ba ni wahala a lokacin, amma lambobi na iya su tun kafin makaranta, domin da lambar gida nake yi wa kayan mutane alama kada su cakuɗe. Saboda haka na yi yadda na saba. Na yanka filasta, na rubuta lambar gida, na manna a jikin kowace kwalba. Waɗanda ba su da murfi na toshe su da tsumma. Na jera su a kan katako a ƙarshen rumfa, wasu ja, wasu sun yi duhu, wasu da farar kumfa a sama.

Maigadin ƙofar rukunin mutumin wajen Zariya ne, mun saba, tare muke cin abincin rana. Ya leƙo ya ga jerin, ya ce, "Kai mai wanki, yaushe ka koma boka ba ka gaya mana ba? A ba ni na farin jini mana."

Na ce, "Wanda ya kwana a kujera yana minshari, wane farin jini zai kama shi?"

Muka yi dariya. Ban ɗauki maganarsa da wani nauyi ba. Da na tsaya na kalli katakon nan da idon wanda bai taɓa shiga ajin Malama ba, da na gane abin da yake gani.

Wata Juma'a da safe na makara da kai kaya. Matar gida mai lamba goma sha biyu ta zagayo da kanta karɓar kaftanin mijinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina ninke kaftanin ta tsaya tana dube-dube. Na juyo na gan ta riƙe da kwalba, ruwa ja a ciki, tsumma a baki, lambar gidanta a jiki.

Ta ce, "Mai wanki, mene ne wannan?"

Na ce, "Zoɓo ne, madam."

"Zoɓo? Da lambar gidana?"

"Ruwan famfonku ne na ɗebo, ina gwadawa. A makaranta aka ce..."

"Ka ɗebi ruwan gidana ka sa masa jan abu ka ɗaure da tsumma? Wa ya aiko ka?"

Daga baya na ji cewa ƙaramin ɗanta ya yi wata guda yana ciwo, a kai asibiti a dawo, a sake komawa. Ban taɓa jin haushinta ba, har yau. Ta bar kaftanin a nan ta tafi da kwalbar.

Washegari aka kira ni ɗakin masu gadi. Shugaban masu gidajen yana zaune, ciyaman suke ce masa, dattijo ne ɗan boko mai sanyin magana. Mata sun cika ƙofa, da wasu maza. An kwaso kwalabena duka an jera a ƙasa, kowa yana sunkuyawa yana neman lambar gidansa. Wanda ya ga tasa ya ja da baya, wanda bai gani ba ya ce to tasa ina aka kai ta.

Ciyaman ya ce in yi bayani. Na yi iya yina, amma kalmomin Malama sun ƙi zama a bakina. Sai na ga ya fi sauƙi in nuna musu, kamar yadda ta nuna mana. Na roƙi kofi, na zuba zoɓo, na ciro kanwa daga aljihu na jiƙa na tsiyaya. Jan ya koma kore a gabansu.

Wata mata ta yi ƙara. Wani ya ce, "Kun gani! Kun gani da idonku!"

Na ce, "Ku dakata, zai dawo." Na matsa lemun tsami, ya yi tsuwa, jan ya dawo. A aji wannan ne ya sa aka yi tafi. A nan sai mutane suka ƙara matsawa baya, wasu suna addu'a, kowa da irin tasa. Na ɗauki wata kwalba mai zoɓo zalla na shanye don su ga ba guba ba ce. Wani ya ce ai mai haɗa abu ya san makarinsa.

Ciyaman ya sallami kowa, ya ce in tsaya. Da muka rage mu biyu da maigadi, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Malam, ni na san abin nan. Mun yi shi a sakandare, da wata takarda mai canja launi. Na san ba ka nufi kowa da sharri ba."

Na ce, "To oga, ka gaya musu."

Ya ce, "Zan gaya musu. Amma ka gaya mini gaskiya, wace mace a cikinsu za ta sake ba ka rigar mijinta ko zanen gadon ɗanta? Ko na ce ka zauna, aikin ya ƙare. Kuma sun ce ba su yarda ka sake taɓa famfo ba. Ni shugabansu ne, ba ubansu ba."

Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in cire rumfa. Aka umarci maigadi ya zubar da abin da ke kwalaben a kwata ya farfasa su. Yana yi yana cewa, "Ka yafe ni, ɗan'uwa. Wallahi wasa nake yi ranar nan." Na ce na sani. Na riƙe masa buhun da yake zuba fasassun.

Da Malama ta ji, ta zo har ƙofar rukunin da kakinta na bautar ƙasa. Ciyaman ya saurare ta cikin mutunci, har ya ba ta ruwan sanyi, ya faɗa mata abin da ya faɗa mini. A hanyar komawa ta yi ta cewa laifinta ne, ita ta ce in rubuta. Na ce ita cewa ta yi in rubuta inda na ɗebo, ni na zaɓi lamba, kuma lambar ce kawai na iya.

Saura wata biyu jarrabawa. Na yi ƙoƙarin in riƙe. Na zaga wasu rukunan gidaje ina neman inda zan kafa rumfa, amma masu gadi suna magana da junansu, labarin ya riga ni isa. A wani wuri ko ƙofa ba a buɗe ba, ta taga aka ce mini ba a bukata. Na kwana biyu a shagon mai shayi, na ajiye baho da dutsen guga a bayan teburinsa. Shi kansa ya daina zolayata, wannan ya fi komai nuna mini cewa abin ya yi nauyi. A gida kuma ana jiran saƙo, yara ba su san komai game da zoɓo ba.

Wani ɗan garinmu yana da shagon wanki a Uke, a kan hanyar Keffi. Ya ce in zo mu yi tare. Na tafi.

Na ce wa Malama zan riƙa zuwa daga can. Na gwada. Sai in bar aiki tun azahar, in tsaya bakin titi, in shiga mota zuwa Mararaba, in zauna cikin cunkoso ana tafiya ana tsayawa, in sauka in sake shiga wata, in ratsa gari, in kama hanyar filin jirgi. Ranar farko na isa ana share allo. Rana ta biyu na tarar an rufe aji, mai masa ce kawai a bakin ƙofa tana ɗaure kayanta. Ta ce, "Ɗan farfesa, ka rame." Na zauna a dakali na huta, na juya. Da na koma Uke, kayan da na bari suna nan a jiƙe suna jirana, kuma na ga fuskar mai shagon. Na sake gwadawa sau ɗaya ko biyu, daga nan ƙafata ta daina kai ni bakin titi.

Malama ta turo saƙo ranar da aka yi jarrabawar. Da kaina na karanta, ban nemi kowa ba. Ta ce mai shayi ya rubuta, mai masa ma ta rubuta, an tambayi ina nake. Bayan wata ɗaya ta gama bautar ƙasa ta koma garinsu. Lambarta ta daina shiga daga baya.

A nan Uke na sami wani ajin manya, kwana biyu a mako, a wata rumfa kusa da masallaci. Malamin mutumin kirki ne, shi ya kai ni inda nake iya rubuta wannan, a hankali, layi biyu yau layi uku gobe. Amma karatu da lissafi kawai yake koyarwa. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa wani ruwa yake cin sabulu, ya ce wannan sai 'yan kimiyya. Ruwan rijiyar da muke wanki da shi a nan ma yana ci. Kullum ina gani, sai dai in ƙara sabulu. Ban sake ajiye kwalba ba, shagon ba nawa ba ne. Wani lokaci idan na sayi zoɓo a leda nakan ɗiga kaɗan a ruwan ɗauraya in kalli launin kafin in zubar, idan ba kowa kusa.

Abin da na rasa a shekarar ke nan: rumfa ɗaya, da gidajen da na yi wa wanki shekara tara, da abokin cin abincin rana, da kwalabe goma sha bakwai, da wata biyu na karatu, da jarrabawa ɗaya, da malama ɗaya, da ɗakin gwaje-gwajen da hotonsa kawai na gani.